Ranar da Aka Ɗaure Baffa a Turke

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baffa ya koma ranar Juma'a da hantsi, daidai lokacin da kasuwar kara ke cika da shanu, kuma kafin a gama yi masa wanka mahautan Wudil sun ajiye wuƙaƙe sun cika mana ƙofar gida. Ni ina ciki tare da mata, amma katanga ɗaya ce tsakaninmu da zaure, duk abin da aka yi a waje yana shigo mana. Abin da ya fara shigowa kuwa hayaniyar faɗa ce, a kan wa zai ɗauki makara. Tsofaffin 'yan dambe suka ce nasu ne. Mahauta suka ce ai kafin ya naɗa zare a hannu sai da ya fara riƙe wuƙa. Aka cakumi juna, wani tsoho ya sha gwiwar hannu a baki har jini ya ɓata masa riga. Malaman jami'a, abokan aikin maigidana, suka ja da baya suna tattare manyan rigunansu suna ta salati. Sai da liman ya daka tsawa. Wata gwaggo da ke kusa da ni ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "To, alhamdu lillahi, an yi masa irin jana'izar da yake so."

A zaman makoki ma haka aka yi ta yi. Wani dattijo ya zo daga Ɗankaza a bayan babur, ya zauna, ya buɗe baki ya nuna wa jama'a giɓin haƙoransa ya ce, "Wannan aikin marigayi ne, a fagen dambe, muna samari." Sai ya fashe da kuka kamar wanda aka yi wa kyautar da ba zai iya ramawa ba. Mata kuwa duk wadda ta shigo sai ta ce, "Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai zafi," sannan ta saci kallona. Na san abin da suke kallo. Duk unguwar nan babu wadda ba ta san abin da ya shiga tsakanina da shi ba.

Shi ya sa na ce bari in rubuta da hannuna. Na san mutanenmu. Kafin shekara ta zagayo za a wanke shi tas a mayar da shi wani salihin tsoho mai carbi, ko kuma a manta komai sai dukan. Ni kuwa duka biyun ba Baffa ba ne.

Wan maigidana ne. Mahaifinsu ya rasu maigidana yana rarrafe, Baffa ne ya ɗauke shi, ya ciyar da shi da kuɗin fawa, ya kora shi makaranta da bulala har ya zama malamin jami'a. Yara ke ce masa Baffa, mu ma muka bi bakinsu. Sunansa na yanka ba na faɗa, sau ɗaya na taɓa faɗarsa a rayuwata, kuma za ku ji yadda aka yi. Shi kuma Amarya yake ce mini, tun ranar da aka kawo ni daga Indabo har na yi furfura. 'Yata ta fari sunan mahaifiyarsu aka sa mata, don haka ni ba na kiran sunanta ta fuska biyu, shi kuma Uwata yake ce mata.

Kullum yana zaure a kan kifaffen turmi, ya jingina kafaɗarsa ta hagu da bango. Ba a zuwar masa ta wannan gefen. Yaron da ya kuskura ya biyo ta tsakaninsa da bango sai dai ya tsinci kansa a ƙasa. Kuma ba a kallonsa a ido. Babba ko yaro, in ka ɗaga kai sai ka ji, "Me ka ajiye a fuskata?" Maigidana, mutumin da ke tsayawa gaban ɗalibai cike da babban ɗaki yana magana ba gargada, in ya zo gaishe da Baffa tsugunawa yake yi ya kafa ido a ƙasa. Ina tsokanarsa in ce, "Malam, wallahi ka fi sanin yatsun ƙafar Baffa da fuskarsa." Sai ya ce, "Ke dai ba ki sha hannun nan ba."

A zamanin dambensa makaɗa Taɓarya suke ce masa. Ban ga dambensa ba, amma na ga ranar da wani bijimi ya tsinke igiya aka biyo shi har lungunmu, ya soki wani mai baro a cinya ya yar. Kowa ya haye katanga. Baffa ya fito daga zaure da ɗan zanensa na aiki, ya tare shi, ya kama ƙaho da hannu ɗaya ya zura yatsu a hancin da ɗayan, ya murɗe wuyan har sai da dabbar nan ta durƙusa tana huci, ƙura ta tashi. Da aka ɗaure, bai tambayi sa ba, bai tambayi mai baro ba, sai ya nemi wanda ya yi ɗaurin farko ya kwaɗa masa mari. Yana da maganarsa da yake yawan yi: "Hannu ya fi baki saurin gama magana."

Kuma mutumin nan, babu macen da za ta haihu a unguwarmu ba ta ga ƙauri da hanta daga wurinsa ba, ko mijinta abokin gabarsa ne. Duk wadda mijinta ya mutu, layyarta a wuyansa take, shi zai yanka shi zai feɗe, in ta buɗe baki za ta yi godiya ya hantare ta. Ranar da na haifi 'yar nan shi ya riga kowa zuwa. Ya karɓe ta a tafin hannun nan nasa mai kama da faifai, ya ce, "Uwata ta dawo." 

Yarinya ta tashi da kai. Da ta gama firamare ta ci wata jarrabawa aka ba ta gurbin karatu kyauta a wata makarantar kwana a Abuja, irin waɗanda ke bin tsarin karatun Turawa, ana aika takardun jarrabawarsu waje a duba, wanda ya gama kuma jami'o'in ƙasashen waje yake nufa. Dangi suka taru a zaure. Wani ɗan'uwan mahaifin su Baffa ya ce wannan hanyar lalacewa ce, 'ya mace a kai ta inda za ta dawo tana taunar Hausa. Ya faɗa, ya sake faɗa. A ta ukun Baffa ya tashi ya ɗaga shi ta wuyan riga, ƙafafunsa na lilo, ya ajiye shi a waje, ya jefa masa takalmansa. Ya dawo ya zauna ya ce, "Ɗan dambe ba ya yin suna a garinsu. Uwata za ta tafi." Taro ya watse.

Hutun farko da ta zo, ya kira ta ta tsuguna a gabansa.

"Uwata, wa ke dukanku a can?"

"Baffa, ba a duka."

"Ba a duka? To me ake koya muku?"

Ta ce ana koya musu tambaya. Ya ce tambaya ai ko jariri ya iya. Ta ce ana ba su batu su je su bincika da kansu su zo su kare shi a gaban aji, a yi ta ja da su. Nan ya ɗan gyara zama. "Wato fage ne. Ana kayar da ke?" Ta ce wani lokaci. Ya ce, "Madalla. Wanda bai sha kisa ba bai fara dambe ba." Ya sa aka kawo mata tsire.

Ni na je makarantar ranar ziyarar iyaye, na ga abin da idona. Yara kewaye da tebur, malama a tsakiyarsu, wata 'yar ƙanƙanuwar yarinya na ce mata ba ta yarda da maganarta ba, malamar kuwa har tana murmushi. Akwai wata malama 'yar Kenya mai shirya su don shiga jami'a, ita ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce a can babu mai bin ɗalibi da bulala ya yi karatu, babu mai tashinsa, babu mai yi masa wanki, kuma malamin jami'a ba ya ganin ƙoƙarin ɗalibin da kullum sai dai ya ce to. Kafin a ba yaro gurbi da tallafi sai an yi hira da shi ta kwamfuta, fuska da fuska. Wanda ya sunkuyar da kai, ɗauka suke yi ko bai sani ba ko yana ɓoye wani abu. Don haka tun daga ajin farko ake horar da su: ka tsaya, ka kalli mutum a ido, ka ce ban yarda ba, ga dalilina. Na yi dariya, amma sai na tuno da Baffa. Da za mu rabu na ce wa yarinyar, "Kin ga wannan kallon? In kin zo gadar Wudil ki jefa shi a kogi, in za ki koma kya tsince shi." Ta kuwa riƙe maganata shekara da shekaru.

Sai Babbar Sallar shekararta ta ƙarshe. An kayar da sa a tsakar gidan Baffa, kusa da turke, abokansa mahauta sun zo taya shi fiɗa, mu mata muna ta kai da kawo da tire. Baffa yana cikin nishaɗi, hannu duk jini, ya ɗaga murya ya ce, "Uwata likita za ta karanta a ƙasar Turawa. Na gama magana. In ta dawo ita za ta riƙa ɗinke waɗanda na fasa." Aka yi dariya. Ita kuwa yarinyar tun tuni ranta na kan aikin ruwa, saboda yadda kogi ke cinye gonakin bakinsa duk damina, har dogon binciken da ta rubuta a makaranta a kan haka ne, kuma da shi za ta nemi jami'a. Tana tsaye ta gefen hagunsa da tire a hannu. Na ga ta ajiye tiren. Na ga ta zagayo gabansa ta miƙe tsaye sak. Ta kalle shi a tsakiyar ido, cikin ladabin da aka koya mata, ta ce, "Baffa, ban yarda da kai ba. Ga dalilina."

Ba ta kai ga dalilin ba. Ƙarar marin nan har maƙwabta sun ji, sun zaci katako ne ya faɗi. Yarinyar ta tashi sama ta faɗa kan fatar san, kanta ya bugi turke. Da aka ɗago ta, jini na fita ta kunnenta na hagu, yana bin wuya yana shiga sabuwar atamfar sallarta. Idonta a buɗe, ba ta kuka, sai kai take juyawa kamar mai neman inda sauti ya tafi.

An ce uwa ba ta shiga maganar ɗan fari, kawar da kai take yi. Ni ban san lokacin da taɓarya ta zo hannuna ba. Na tsallake tiren nama, na tsaya gabansa, na ɗaga ta sama, na kira shi da sunansa na yanka, sunan da ko maigidana bai taɓa furtawa ba. Na ce, "Ka sake ɗaga hannun nan, wallahi tallahi yau a haɗa gawarka da ta san nan!" Mahauta suka sunkuyar da kai. Maigidana ya riƙe ƙarshen taɓaryar ta baya yana cewa, "Ke! Ke! Kina hauka ne?" Baffa kuwa ya sauke ido. Hannunsa kawai yake kallo, jinin san layya ne a jiki ko na uwar tasa, shi ma bai sani ba. Har yau ban yi nadamar kiran sunan nan ba, kuma duk mai jiran in yi, ya nemi wurin zama.

A asibiti a Kano likita ya ce dodon kunnen ya fashe, kuma abin ya taɓa can ciki. Fatar za ta haɗe, jin kuwa sai abin da Allah Ya yi. Da muka dawo na sa kafinta ya toshe ƙofar da ta haɗa sashenmu da na Baffa da langa-langa. Kullum da safe sai ya aiko da ƙoda da hanta a ganye, kullum sai in wurga su ta saman katanga su koma inda suka fito. Bai fasa aikowa ba, ban fasa wurgawa ba. Magen gidansa ta yi ƙiba a wannan daminar.

Kunne kuwa ashe shi ne ƙaramin abin. Bayan ta koma makaranta, malamar nan 'yar Kenya ta kira mu a waya. Ta ce a rubuce yarinyar tana nan a gaba, babu wanda ya kamo ta. Amma da an zaunar da ita gaban mutum sai kai ya faɗi ƙasa, murya ta mutu, in an ɗaga hannu ko don gyara tabarau sai ta zabura ta kare fuska. Duk gwajin hirar da aka yi mata ta faɗi. Hira ta gaske da jami'ar da ke ba da tallafi tana nan tafe bayan hutun ƙarshen shekara, kuma in ta faɗi wannan, to tafiya ta fasu, don mu ba masu iya ɗaukar nauyin karatu a waje ba ne. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Shekarun nan duka, yarinya ta bar gida tun tana ƙarama, a zo bakin gaɓa mari ɗaya ya nutsar da ita!

Maigidana ya je ya tsuguna ya faɗa wa yatsun ƙafar Baffa abin da malama ta ce. Ya dawo ya faɗa mini Baffa ya ce, "Tsoron hannu ne ya shige ta. Na san shi. Ɗan damben da aka kashe a fage, in ba a mayar da shi gaban wanda ya kashe shi ba, ya gama har abada."

Washegarin ranar da ta zo hutu, da hantsi, ina tankaɗe, sai na ji wata ƙara kamar mota ta daki gida. Baffa ne ya sa kafaɗa ya ɓalle langa-langar nan da ƙusoshinta, ya tako ta ya shigo, igiyar ɗaurin sa a wuyansa. Yarinyar ta ƙwalla ihu ta faɗa ɗaki. Ni na rarumi taɓarya. Ya tsaya nesa, ya juyar da kai gefe yadda ya saba, ya jefo mini igiyar a ƙafa.

"Amarya, zo ki ɗaure ni a turke."

Na ce, "Me?"

"Kurma ce ke ma? Ke za ki ɗaure. Shi wancan mijin naki hannunsa na alli ne, ba zai iya ba. Ki riƙo taɓaryarki kuma. In igiya ta tsinke, ki sauke mini ita a ka, na yafe."

Na bi shi har tsakar gidansa, wurin da abin ya faru. Ya zauna a ƙasa ya jingina da turke ya mayar da hannuwa baya. Jama'a, na ɗaure shi. Duk baƙin cikin watannin nan a igiyar na zuba shi, na taka turken da ƙafa na ja har sai da na ji ya yi nishi. Ya ce, "Yawwa. 'Yar Indabo ta iya ɗauri. Kawo Uwata."

Da ƙyar muka fito da ita, ubanta na riƙe da ita. Baffa ya ce, "Kalle ni." Ta kalli ƙasa. Ya daka tsawar da ta tayar da tantabaru, "Na ce kalle ni!" Ta yi amai a wurin, ta ruga. Na ce masa, "Ka gani ko? Kai ko magani za ka ba mutum sai ka haɗa da ƙulli." Ya ce, "Gobe ma ki zo da igiya."

Haka muka yi ta yi kusan duk hutun, kullum da hantsi kafin ya tafi mayanka. Ta fara da kallon ƙirjinsa, ta kai gemu. In ta fara magana sai ya katse ta da gatse, irin na abokin karo: "Aikin ruwa! Masunta ma sun yi, ba su je Turai ba." In ta ce ba haka ba ne, sai in ga kafaɗarsa ta dama ta zabura da kanta, igiya ta yi ƙara, turke ya girgiza. Hannun ne ke son tashi ba da izininsa ba. Igiyar ta yanke masa wuyan hannu, jini ya riƙa ɗiga a ƙasa, washegari in ɗaura a kan gyambon. Na ce a sa tsumma, ya ce in na sa tsumma zai ci mutuncina. Ni kuma ina tsaye a bayansa da taɓarya a sama, kuma Allah Ya sani da igiyar ta tsinke da na sauke.

Rannan ya tsokane ta har ya kai ta bango. Ya ce, "Ashe makarantar banza ce. Sun koya miki baki, mari ɗaya ya ƙwace." Sai na ga yarinyar ta ɗago. Ta tako har gabansa, ta durƙusa daidai fuskarsa, ta zuba masa ido, ta ɗaga muryar da ban san tana da ita ba.

"Kai ka kashe mini kunne, Baffa! Kana ce mini uwarka, haka ake yi wa uwa? Ba ka ma ji abin da zan faɗa ba! Kai ka kai ni makarantar, kai ka ce in shiga fage, da na shiga kuma ka..."

Sai ta tsaya cak, baki buɗe, tana kallonsa kamar ta ga wani abu. Shi ma bai kawar da kai ba, a karo na farko da na sani. Ya yi mata wata magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ban ji ba." Ya ce, "Juyo ɗaya kunnen." Ta juya masa na dama, ya faɗa a ciki. Ni ina baya, ban ji komai ba. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "To. Ina dalilin naki? Tun sallah nake jiransa." Ta zauna a ƙasa ta jero masa dalilanta tun daga farko har ƙarshe, idonta cikin nasa, hawaye na zuba ba ta share ba. Da ta gama ya ce, "Har yanzu likita ya fi. Amma kin kashe ni. Amarya, kwance ni, hannuna ya mutu."

Ta yi hirar, ta ci, ta tafi wata ƙasa mai sanyi tana karatun ruwanta. Kunnen bai dawo ba, kuma kada wani ya ce mini ai komai ya wuce. In ana magana ta hagunta sai ta juyo da dukan jikinta. Baffa bai taɓa ce mata yi haƙuri ba, ni ma bai ce mini ba, bakinsa bai san hanyar kalmar ba. Abin da ya yi shi ne kilishi da hannunsa, ƙulli guda, wanda ma'aikatan filin jirgin can suka ƙwace, ya yi sati yana neman a faɗa masa sunan wanda ya ƙwace ɗin. Abin da ya faɗa mata a kunne kuwa na tambaya har na gaji, ta ce amana ce.

Ciwonsa bai daɗe ba. Maigidana ne a kansa da rai ya fita, shi ya shafe masa ido, shi ya tsaya a wurin wanka. Masu wankan sun ga tabon igiya zagaye da wuyan hannuwansa biyu, suka tambaya, ya ce su yi aikinsu. Bayan an dawo daga maƙabarta ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa, ƙurar kabari a gwiwarsa. Sai ga kiran bidiyo daga yarinyar, na buɗe muka gan ta cikin rigar sanyi, ido ya kumbura. Ta yi mana gaisuwa, muka yi mata. Na ba ta labarin damben da aka yi a kan makara, ta yi dariya tana kuka. Sannan ta ce, "Abba, da ka rufe masa ido, ka kalle shi?"

Ya ce, "Na kalla."

"Ka gani?"

Ya gyaɗa kai. Na ce me aka gani? Ita ta faɗa mini. Idon Baffa na hagu a mace yake, da ɗan farin tabo a tsakiya, tun wani naushi da ya sha yana saurayi. Ya ɓoye don kada abokan karo su riƙa zuwar masa ta nan, ya yi duk dambensa da ido ɗaya, ɓoyon kuma ya zame masa jiki har tsufa. Abin da ya faɗa mata a kunne shi ne: "Kin gani, to rufa mini asiri sai na mutu. Da ido guda na kashe maza. Ki juya musu kunnen da ke ji, ki tsare su da ido."

Maigidana ya rufe fuska da hula. Ya ce, "Tun ina rarrafe mutumin nan yake riƙe da ni. Ban taɓa sani ba sai yau, da hannuna a kan fuskarsa." Ya yi kuka irin na yaro, ita tana kallonsa daga can, ni ina riƙe da wayar.

Ban ce ido ya biya kunne ba, wannan hisabin ba nawa ba ne. Na dai roƙi Allah, ina kuma roƙon duk wanda ya karanta ya taya ni: Ya gafarta wa Baffa abin da hannunsa ya yi, Ya duba ranakun da ya miƙa hannun aka ɗaure, Ya yalwata masa kabari, Ya sa can ta fi masa nan. Ni na yafe nawa. Da na faɗa wa yarinyar haka a wayar, muryata ta shaƙe, maganar ba ta fita sosai ba. Ta matso, ta juyo da kunnen dama, ta ce, "Umma, sake faɗa."